Farar Ungulu a Hanyar Honorat

"Taka ce?"

Na wurga ƙugiyar ƙarfen a kan tebur, ta gangara da ƙara har ta bugi kofin gahawar Bastien.

Mutum kusan ashirin ne a dogon teburin da ke ƙarƙashin bishiyar sansanin, duk masu hawan dutse, kowa da burodi a hannu, wasu ko fuska ba su wanke ba. Lokaci guda hira ta mutu.

Bastien ya ɗago. Murmushin da ya fara yi min ya tsaya a rabi.

"Rabin raina, lafiya? Ko gaisuwa babu?"

"Na ce taka ce?"

Ya ɗauka ya jujjuya. Koren zaren nan da yake naɗawa a duk kayan hawansa yana jikinta, har da ƙullin da na sha ganin yana ja da haƙori.

"Tawa ce. A ina kika tsince ta?"

"A saman hanyar hawa ta Honorat. A zoben da ake ɗaura igiyar sauka, daidai ƙarƙashin allon hana hawa da na kafa da hannuna." Na dafa teburin. "Da farin allin hannu sabo fil a jikin dutse, taku biyu daga sheƙar. Uwar ungulun ta tashi daga kan ƙwanta, Bastien! Tun bakwai nake kallo, ba ta koma ba!"

Ya ajiye ƙugiyar a hankali.

"Oriane... kina nufin ni na sauka?"

"Ina ka je da asuba?"

Ya kalli ƙugiyar.

Daga can gefen teburin wata murya ta fito, a sanyaye kamar mai jin kunyar magana. Tiphaine ce, wadda ta shekara shida tana riƙe masa igiya in zai hau.

"Ni dai na ji tashin motarsa kafin shida... amma ƙila burodi ya je saye ko?"

Wani ya yi tari. Kowa a wurin ya san gidan burodi ba ya buɗewa sai bakwai.

"Ina ka je?" na sake tambaya.

"Ba zan iya faɗa miki ba. Na yi alkawari."

"Wa ka yi wa?"

Ya kawar da kai.

Sai ga mahaifiyarsa, Madam Mireille mai sansanin, ta fito daga kicin da tukunyar madara a hannu. Ta dire ta har sai da ta fantsama.

"Ke 'yar Fernand! A gidana, gaban baƙina, za ki tsaya kina tuhumar ɗana kamar ɓarawon kaji?"

"Mama, don Allah..." in ji Bastien.

"Rufe min baki! Na faɗa maka tun ranar da ta fara zarya a sansanin nan, ungulu ba ta jewar banza. Ta rufe maka hanyar ubanka ba ta ƙoshi ba, yau kuma sunanka take so ta binne!"

Hawaye ya taho min, na haɗiye shi da ƙarfi.

"Kafin sha biyu zan aika rahoto," na ce. "Dole ne. Ka ba ni abin da zan rubuta ban da sunanka."

Ya miƙe tsaye. Ban taɓa ganin idonsa haka ba, ba fushi, ba komai, kamar wanda aka kashe wa fitila.

"In hannunki zai iya rubuta sunana, rubuta."

Ya tsallake bencin ya wuce ta tsakanin tantuna. Bai waiwayo ba.

Ni na rufe hanyar, wannan kowa ya sani a garinmu La Palud.

Shekara huɗu kenan ina aikin tsaron tsuntsayen kwazazzabon Verdon. Manyan ungulaye sun yalwata, ba su da damuwa. Farar ungulu ce a ɓangarenmu ba mu da ita sai miji da mata guda, masu tsallako hamada su iso mana a watan Maris. Bana kuwa, duk faɗin bangon dutsen da Allah ya tsaga a kwazazzabon nan, ba su ga wurin sheƙa ba sai tsakiyar hanyar Honorat.

Honorat shi ne mahaifin Bastien. Shi ya fara kafa ƙusoshin maƙala igiya a hanyar, ya kai rabi ciwo ya kwantar da shi, bai tashi ba. Bastien ya ɗora daga inda ya tsaya, shekara uku yana rataye da igiya yana huda dutse. Abin da ya rage masa guda ne, ya hau ta daga ƙasa har sama ba tare da ya faɗi ko sau ɗaya ba, a nan ne ake cewa hanya ta kammala.

Ga shi kafaɗarsa ta dama ta lalace. Likita ya sa ranar aiki huɗu ga Yuni, kuma bai ɓoye masa ba: bayan aikin zai hau dutse, amma ba irin wannan ba.

Dokar rufewa kuwa sai ƙarshen Agusta.

Shugabanmu a wurin aiki ya ce in bari shi ya sa hannu, don kar abin ya shiga tsakanina da mutumin da zan aura a Satumba. Na ƙi. Na je da kaina na gaya wa Bastien a bakin kogi. Ya daɗe yana kallon ruwa, sannan ya kama hannuna ya ce, "Aikinki ne, 'yar ungulu. Da kin ƙi yi, da ba ke ba ce."

Wannan maganar ce ta fi ci na a ranar da na tsinci ƙugiyar. Ashe daɗin baki ne? Ashe yana lallashina yana lissafin asubar da zai sauka?

Na koma wurin da nake gadi, a ɗaya gaɓar kwazazzabon, na kafa madubin hangen nesa. Na zauna, na tashi. Na sha ruwa, na manta na sha. Uwar tana ta shawagi a sama, ta matso, ta fasa. Ƙwan yana can a fili cikin inuwa, iska na kaɗa shi.

"Koma mana... don Allah koma..."

Sai sha ɗaya saura ta sauka. Awa huɗu cur.

Sha biyu saura minti biyar na buɗe waya na rubuta rahoto. Na rubuta wuri, na rubuta lokaci, na rubuta ƙugiya mai koren zare. Na tsaya a layin suna.

Na rubuta.

Na aika.

Kwana uku ban san inda zan sa kaina ba. In na zauna a ɗakina da ke saman gidan burodi sai in ji bango na matse ni, in na fito sai in ga kowa na kallona. A kanti, mata biyu suka yi shiru da na shiga. Wani daga cikin masu hawa ya rubuta *matar ungulu* da yatsa a ƙurar gilashin motata. Na ji an dakatar da katin Bastien na jagoran masu hawa har sai an gama bincike, ƙungiyoyi biyu da suka zo daga Jamus don shi suka naɗe tantunansu suka tafi.

Waya a hannuna kullum. In rubuta *masoyina*, in goge. In rubuta *ka faɗa min gaskiya kawai*, in goge.

Shi ma bai kira ba.

Rana ta uku da hantsi ina wurin gadi, na ji kukan wata tsohuwar mota da ko a mafarki na san ta. Babana ne. Makiyayi ne, tumakinsa na can saman tudu, kuma tun da na fara aikin nan bai taɓa tako wurin ba. Masu hawan dutse kuwa ya tsane su kamar ciwon haƙori: su bar ƙofar shinge a buɗe, karnukansu su kori tumaki. Ranar da na gaya masa zancen Bastien cewa ya yi, "Mutumin da ke kwana rataye da igiya, takaba kike nema ko aure?"

Ya fito ya jingina da dutse, ya cire hula ya mayar.

"Kin rame."

"Baba, in *na faɗa miki* ka zo faɗa, na riga na ji."

"Niyyar da na fito da ita kenan shekaranjiya." Ya yi ƙwafa. "Na kasa."

Na dube shi.

"Yaron nan... ban ce ina son shi ba, ki ji da kyau. Amma sati biyar kenan kullum kafin shida yana wurina. Tumaki na haihuwa, gwiwata ta ƙi. Shi ke ɗebo ruwa, shi ya gyara shingen arewa gaba ɗaya, da kafaɗar nan tasa mai ciwo. Ya ce ba zai aure ki ina ɗaure fuska a coci ba."

Na dafa dutse.

"Baba..."

"Ni na sa ya rantse ba zai gaya wa kowa ba. Kar a ce a gari Fernand ya tsufa har ɗan igiya ke masa kiwo." Ya share baki da bayan hannu. "Ranar da kike magana a kai, hannunsa na cikin tunkiya har gwiwar hannu, yana juyo min da ɗan da ya zo a karkace. Ni na riƙe masa fitila."

"Ka san wannan kwana uku kenan? Kwana uku, Baba!"

"Na sani. Na ce a raina, to Allah ya raba, kowa ya huta." Ya sunkuyar da kai. "Sai na ga washegari ya zo. Jiya ya zo. Yau ma ya zo, da takardar dakatarwa a aljihu, bai ce min uffan ba, ya ɗauki bokiti. Na rasa inda zan sa idona, Oriane. Saba'in ba biyu nake, ba a taɓa kunyata ni haka ba."

Na dafe baki, kuka ya ƙwace min.

"Yi shiru, ba ki ji sauran ba. A ranar, da muka kora tumaki bakin titi, akwai wata 'yar mota ruwan ɗorawa a fake a saman hanyar uban nasa. Mai lotsattsen baya."

Mota ruwan ɗorawa mai lotsattsen baya guda ce a duk sansanin.

Ban san yadda na tuƙa ba. Na tarar da Tiphaine a bayan tantinta tana shanya igiya. Tana ganin fuskata ta saki igiyar.

"Babana ya ga motarki."

Na zaci za ta musa. Ta zauna a kan akwatin kayanta kawai, ta zuba min ido.

"Shekara shida," ta ce. "Kin san mene ne riƙe wa mutum igiya shekara shida? Ransa a tafin hannuna. Na san numfashinsa in zai faɗi tun kafin shi ya sani. Ranar da aka binne babansa ni na tuƙo shi gida. Sai ga ki da madubinki da littafin tsuntsayenki, ko ɗaurin ɗamarar hawa ba ki iya ba, wata uku ya fara kiranki rabin ransa!"

"Shi ya sa kika ɓata masa suna?"

"Ke kika ɓata masa suna!" Ta miƙe. "Ni ƙugiya na rataye. Wa ya rubuta rahoto? Da ni ce, ko da idona na gan shi a sheƙar, cewa zan yi ban gani ba!"

Maganar ta shige ni kamar allura.

"Na ce in tsuntsayen suka watse za a buɗe hanyar kafin Yuni," ta ci gaba, muryarta ta karye. "Ya hau, ni na riƙe masa. Ya gama abin babansa. Ke kuma... ke ki tafi da ungulayenki."

"Ƙwan fa?"

"Ƙwai ne, Oriane! Ƙwai! Shi kuma mutum ne!"

"Za ki kira ofis da bakinki, ko ni in kira?"

Ta sunkuyar da kai. Sannan ta miƙo hannu.

"Ba ni lambar."

Kafin la'asar ta naɗe tantinta. Inda tantin ya zauna shekara da shekaru sai ciyawa fara a kwance. Ba wanda ya raka ta bakin ƙofa.

Bastien kuwa na same shi a rumbun kaya yana jera ɗamaru a ƙusa. Ya ji takuna, bai juyo ba.

"An janye rahoton," na ce. "Gobe za su mayar maka da katinka. Baba ya faɗa min komai... Tiphaine ma ta amsa."

"Na ji."

"Bastien, ka dube ni mana."

Ya juyo. Gara ma da bai juyo ba.

"Ka yafe min. Don girman Allah ka yafe min, masoyina. Tsoro ne ya rufe min ido, na ga uwar a sama, na ga zarenka..."

"Na ga motarta ranar nan, ni ma," ya ce. "Na so in tambaye ta tukuna, mu biyu. Ban so in jefi mutum a gaban jama'a kafin in ji ta bakinsa."

Na ji kamar ya mare ni, alhali ko murya bai ɗaga ba.

"Rahoton ba shi ya dame ni ba, Oriane. Aikinki ne, da ni na sauka ya kamata ki rubuta. Abin da ya dame ni, kin iso teburin nan kin riga kin gama yanke hukunci. Na bar miki hanyar ubana ban ce ƙala ba. Me kuma zan bari kafin ki yarda da ni?"

"Babu... babu komai..."

"To ni ban sani ba. Yanzu dai ban sani ba."

"Satumba fa?"

Ya ɗauki wata ɗamarar ya rataye.

"Bari in fito daga hannun likita tukuna."

Haka Mayu ta wuce min, ba zaune ba tsaye. Da safe ina bakin dutse ina ƙirga kwanakin ƙwai, da yamma ina zagaye gari ina kauce wa titin sansanin, ƙafata kuma na mayar da ni can. Sau biyu na tsaya a bakin ƙofa ina jin ƙarar cokula da dariyar baƙi, in juya. Uwar tana kwance a sheƙa, mijin na karɓarta, kamar ba abin da ya faru. Kwana arba'in da biyu ake jiran ƙwan. Na ce in ya ƙyanƙyashe, komai zai gyaru. Ban san wa ya faɗa min haka ba, amma na riƙe.

Huɗu ga Yuni aka shiga da Bastien ɗakin tiyata a birnin Marseille. Ba a gayyace ni ba. Na wuni da waya a cinya. Da yamma saƙo ya shigo daga lambar da ban zata ba, ta Madam Mireille.

*Ya farka. Ya tambayi tumakin ubanki.*

Shi kenan. Na karanta ya fi sau talatin.

Kwana arba'in da biyu suka cika, suka wuce. Arba'in da biyar. Hamsin. Ranar sha shida ga Yuni uwar ta tashi da safe, ta yi shawagi biyu, ta bi mijinta suka nufi yamma. Na jira har rana ta karkata.

Ba su dawo ba.

Wani abokin aikina ya sauka bayan kwana uku ya ɗauko ƙwan. Ɗan ya mutu a ciki tun yana ƙarami, tun awa huɗun nan.

Doka ta ce in sheƙa ta mutu, a buɗe hanya. Shugabanmu ya turo takardar, ya sake cewa in bari wani ya kai. Na sake ƙi.

Na isa sansanin da hantsi. Baƙi sun watse zuwa dutse, tantuna sun yi shiru, sai tawul da safa a kan igiyoyin shanya. Madam Mireille na zaune a teburin tana gyaran wake ɗanye. Na miƙa mata takardar, ta goge hannu ta karanta.

Ta karanta ta sake karantawa.

"An buɗe," ta ce a hankali. "Yanzu aka buɗe. Sati biyu bayan an yanka masa kafaɗa."

"Mama Mireille, ni..."

"Ƙwan fa?"

Na girgiza kai.

Ta ajiye takardar. Na shirya jin duk abin da za ta faɗa, sai na ga haɓarta na rawa.

"Ba tsuntsu, ba hanya. Kowa ya tashi a tutar babu." Ta share ido da gefen riga. "Na zage ki a gaban mutane, 'yar nan. Wadda nake ba abinci a kicin ɗina shekara shida ita ta cuce mu, ni kuma ina can ina haushin wadda ta zo ta ƙofar gaba. Zauna mana, kin tsaya min a ka kamar mai karɓar haraji."

Ban kai ga zama ba na ji motsi a bayana.

Bastien ne, hannun dama a rataye a wuya, ya rame, gemu ya fito masa. Takalmi a ƙafarsa, igiyoyin na jan ƙasa. Ya ɗauki takardar da hagu ya duba.

"Na ji labarin ƙwan," ya ce. "Babanki ya faɗa min. Sannu, Oriane."

Wannan sannun ita ta karya ni. Ni da na zo ba shi haƙuri, shi ke min ta'aziyya.

"In suka dawo baɗi, nan za su sake sauka?" ya tambaya.

"Sau da yawa haka suke yi... in ba a dame su ba."

"To ki gaya wa shugabanku ya bar allon a inda yake. In hannuna ya warke zan sauka in cire ƙusoshin tsakiya. Kar wani ya sake bi ta wurin."

"Bastien!" in ji mahaifiyarsa. "Na babanka ne fa!"

"Na sani, Mama. Zan kawo miki su gida." Ya yi ɗan murmushi. "Baba da kansa in ya tarar da sheƙa juyawa yake, ke kika sha ba ni labari. Ni ne na mayar da abin kamar kabari."

Madam Mireille ta miƙe. Ta kwashi wakenta ta shige kicin tana jan hanci.

Muka rage mu biyu.

"Na yi sati biyu a kwance ina kallon rufin ɗaki," ya ce. "Na yi ta neman fushin nan in riƙe, kullum sai in tarar ya ragu. Jiya na neme shi gaba ɗaya na rasa. Abin ya ba ni haushi ƙwarai."

Dariya da kuka suka haɗe min.

"Ba zan sake ba, wallahi ba zan sake ba. Ko da idona na ga..."

"A'a, kar ki yi wannan alkawarin. In kin gani, ki rubuta. Amma ki fara jawo ni gefe ki tambaye ni, ni kaɗai. Abin da na roƙa kenan."

"Na ɗauka."

"To taimaka min." Ya kalli ƙafarsa. "Tun safe nake fama. Mama in ta ɗaura min sai ta haɗa da wa'azi."

Na durƙusa a kan ciyawa na kama igiyar takalmin. Na fara ƙullawa. Na ji tafin hannunsa na hagu ya sauka a kaina, a hankali.

"Babanki ya ce ya ware raguna biyu," ya ce. "Wai ba don ni ba, don kar a ce 'yar Fernand ta yi biki da kaza."

Na ɗago, hawaye na zuba.

"Satumba?"

"Satumba, rabin raina. Sai dai ki sani, da hagu zan sa miki zobe."

Daga tagar kicin Madam Mireille ta leƙo, ludayi a hannu.

"Ku biyun nan! Faranti biyu zan fito da su ko uku? Miya na hucewa!"

Bastien ya dube ni.

"Uku, Mama!" na amsa, tun ina durƙushe.